Yadda Gwajin Riga-kafin Ƙanjamau Ya Koyi Tambayar da Ta Dace

A ranar 23 ga Afrilun 1984, sakatariyar lafiya ta Amurka, Margaret Heckler, ta shaida wa 'yan jarida cewa ana fatan nan da shekara biyu za a samu allurar riga-kafin ƙanjamau da za a fara gwadawa. Wajen fara gwajin ba ta kauce da yawa ba. A 1986 wani likita ɗan Faransa, Daniel Zagury, ya yi wa kansa da wasu mutanen Zayar, wato Kongo ta yau, allurar da ya haɗa, a 1987 kuma cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda ta fara gwajin farko a ƙasar da lafiyayyun mutane 138. Allurar da ke karewa ce dai har yau, bayan fiye da shekara 40, ba ta zo hannu ba. Duk da haka ina ganin kuskure ne a ɗauki waɗannan shekaru a matsayin asara, domin a cikinsu ne ƙaramin gwajin matakin farko, wanda ake yi da mutane kaɗan, ya gano abin da ya kamata ya riƙa nema.

Tambaya biyu wannan gwaji yake yi: shin allurar tana cutarwa, kuma shin garkuwar jiki ta motsa? Ana yin sa ne da manya masu lafiya waɗanda ba su ɗauke da ƙwayar HIV, saboda baligi ne ke iya ba da yarda da saninsa. Wasu a yi musu allurar, wasu a yi musu ta ruwan gishiri, sannan a yi watanni ana ɗibar jininsu. Babu ƙwayar cutar mai rai a cikin waɗannan allurai, wani ɓangarenta ne kawai ko umarnin ƙera shi. A shekarun farko an ɗauka cewa da zarar jini ya nuna sinadaran kariya, magana ta kusa ƙarewa. A kan wannan zato kamfanin VaxGen ya kai allurarsa AIDSVAX babban gwaji, da mutum kusan 5,400 a Arewacin Amurka da Holan, da wasu 2,546 masu shan ƙwaya ta allura a Bankok. A 2003 sakamako ya fito: jiki ya samar da sinadaran, amma ba su hana kowa kamuwa ba. HIV tana sauya kamanni cikin sauri, ta kuma lulluɓe rigarta da sukari, don haka makamin da jiki ya ƙera ya dace da ƙwayar ɗakin bincike, bai dace da wadda ke yawo a gari ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Masana suka koma ga fararen ƙwayoyin jini masu hallaka duk inda cuta ta ɓuya, kamfanin Merck ya haɗa allura da ƙwayar mura da aka raunana a matsayin abin dako. A ƙananan gwaje-gwaje ta motsa garkuwa sosai. Amma a Satumbar 2007 aka dakatar da babban gwajinta mai suna STEP, mai mutum 3,000, aka kuma tsayar da ɗan'uwansa Phambili a Afirka ta Kudu. Allurar ba ta kare ba, sannan bincike ya nuna kamuwa ta ƙaru a tsakanin mazan da ba su da kaciya kuma jikinsu ya taɓa haɗuwa da waccan ƙwayar mura. Tun daga nan babu mai hankalin da ke ɗaukar motsin garkuwa a matsayin alheri kai-tsaye.

Haske ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Gwajin RV144 na Tailan, wanda manyan masana 22 suka soka a mujallar Science a 2004 cewa ɓarnar kuɗi ce, ya ɗauki mutum fiye da 16,000. A 2009 aka ga mutum 51 sun kamu cikin waɗanda aka yi wa allurar, 74 kuma cikin waɗanda aka yi wa ta ruwan gishiri, wato ragin kashi 31 cikin ɗari. Kariyar ba ta kai a raba wa jama'a ba, amma jinin da aka adana ya nuna irin sinadarin da ke tafiya tare da raguwar kamuwa. Da wannan ma'auni aka gwada gyararriyar allurar a kan mutum 252 a Afirka ta Kudu, ta cika sharuɗɗa, aka kai ta babban gwajin Uhambo. A Fabrairun 2020 shi ma ya tsaya: kamuwa 129 a ɓangare ɗaya, 123 a ɗayan. Wasu manyan gwaje-gwajen ma suka bi baya: Imbokodo a 2021, Mosaico da PrEPVacc a 2023.

Mai suka zai ce jerin nan ya isa hujjar a haƙura, musamman da yake yanzu akwai lenacapavir, allurar sau biyu a shekara wadda a gwajin 2024 ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin fiye da 2,000 a Afirka ta Kudu da Yuganda. Nasara ce babba. Sai dai magani ne da dole a koma a karɓa duk wata shida muddin akwai haɗari, kuma ya dogara da kuɗi da asibiti da ƙafar da za ta kai mutum can, alhali mutum kusan miliyan 1.3 ke kamuwa a duniya kowace shekara. Wani kuma zai ce an mai da 'yan Afirka zakaran gwajin dafi, kuma duk wanda ya san abin da gwajin maganin Trovan ya bari a zukatan mutanen Kano tun 1996 ba zai raina wannan tsoro ba. Amma tarihin nan ya nuna wata matsalar daban: gwajin farko da aka yi a Afirka bisa cikakkiyar ƙa'ida, a Kampala a 1999 da mutum 40, an yi shi ne da allurar da aka ƙera don nau'in ƙwayar da ya fi yawa a Turai da Amurka. Nahiyar da cutar ta fi yi wa ɓarna tana buƙatar a yi gwajin a cikinta, da likitocinta, da yardar da aka bayar bayan cikakken bayani. Cikin bayanin har da cewa jinin ɗan sa-kai na iya nuna alamar HIV a awon asibiti alhali ba ya ɗauke da ita, abin da kan iya taɓa aure ko neman aiki.

Abin da ya sauya a yau shi ne tambayar kanta. An gano cewa wasu ƙalilan cikin masu ɗauke da cutar, bayan shekaru, jikinsu na samar da sinadaran da ke kashe kaifin nau'o'in HIV masu yawa. Don haka gwajin G001, wanda ƙungiyar IAVI ta fara a 2018 da mutum 48, bai tsaya kan tambayar ko garkuwa ta motsa ba. Ya nemi wasu takamaiman ƙwayoyin jini, masu wuyar samu, waɗanda su ne iyayen irin waɗancan sinadarai, ya kuma same su sun farka a jikin mutum 35 cikin 36 da aka yi wa allurar. Aka maimaita da fasahar mRNA a Amurka, sannan a Ruwanda da Afirka ta Kudu. A gwajin Amurka wasu 'yan sa-kai sun yi fama da borin jini mai daɗewa, aka rubuta shi aka bayyana tun adadinsu bai wuce a ƙirga da yatsu ba. Farkar da waɗannan ƙwayoyi mataki ne na farko kawai, sauran allurai na biye da za su yi musu jagora daki-daki, kuma kowace sai ta bi ta hannun wasu 'yan sa-kai masu lafiya da za su miƙa damtsensu.