Warabbuka

Warabbuka kalma ce da ba a cika jin ta ita kaɗai ba, sai cikin karin maganar "tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka". Maganar tana nufin sa rai ga abin da mutum bai yi wa aiki ba. Asalin kalmar Larabci ne, ma'anarta "kuma Ubangijinka", lafazin da ya buɗe ayoyi a surorin An'ami, Kahfi da Ƙasasi, har ya zauna a bakin almajirai.

Wasu na ganin maganar reni ce ga malamai ko ga tawakkali. Wannan fahimta ba ta tsaya ba, domin malamin da ake zargi jinginarsa ga damin maƙwabci take, ba ga Allah ba, kuma abin da yake jira ba shi da tabbas. Manomin Wurno, Rabah ko Goronyo ya san zakkar hatsi ɗaya ce bisa goma in ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahala aka yi ban ruwa, kamar shinkafar rani a fadamar Rima. Ba a fitar da ita sai amfani ya kai nisabi, shekarar fari kuwa gonaki da yawa ba sa kaiwa.