Daga Maganaɗisu Zuwa Mabuɗi: Yadda Goge Bayanan Kwamfuta Ya Sauya Salo

A shekarar 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT da ke Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka fitar da sakamakon wani bincike da ya tayar da hankalin masana. Sun bi shagunan gwanjo da kasuwannin intanet sun sayi tsofaffin faya-fayan kwamfuta guda 158. Daga ciki 129 na aiki, amma 12 kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin bashi sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. Ɗaya ma daga na'urar cirar kuɗi aka ciro shi, ɗauke da lambobin asusun jama'a. Da yawa cikin masu faya-fayan ba sakaci suka yi ba. Sun danna gogewa, wasu har fomatin suka yi, suka sallama kayansu hankali kwance.

Wannan yaudara ta daɗe tana bin kwamfuta. Tun 1956 da kamfanin IBM ya fito da faifan ajiya na farko, mai faranti 50 da ke ɗaukar haruffa kusan miliyan biyar, tsarin bai canza ba na tsawon shekaru hamsin: faranti na juyawa, wani ɗan hannu na shawagi a kansa yana rubutu da maganaɗisu. Kwamfuta kan ajiye jerin sunayen fayiloli da wurin da kowanne yake. Idan ka ce a goge, jerin kawai take taɓawa. A tsohon tsarin DOS, harafin farko na sunan fayil ake sauyawa da wata alama, a ce wurinsa ya zama fili, shi ke nan. Abin da ke ciki yana nan daram har ranar da wani sabon abu ya hau kansa. A kan wannan gaskiyar Peter Norton ya gina kasuwarsa a 1982, da manhajar da ke dawo wa mutane fayilolin da suka goge bisa kuskure. Abin da ya zama ceto ga mai kuskure shi ne ƙofar ɓarawo.

Magani a bayyane yake: a rubuta wani abu a kan tsohon. Amma sau nawa? Ma'aikatar tsaron Amurka, a ƙa'idarta ta 1995, ta shahara da sau uku. A 1996 Peter Gutmann na Jami'ar Auckland a ƙasar Niyu Zilan ya gabatar da takarda inda ya nuna cewa hannun da ke rubutu ba ya sauka daidai kan sawunsa na baya, don haka burbushin tsohon rubutu kan iya saura a gefen layi. Ya tsara zubi 35 na rubutu, kowane rukuni don wani nau'in faifai na zamaninsa da na gabaninsa. Jama'a suka ɗauki adadin suka bar dalilin. Shi kansa daga baya ya koka cewa an mayar da tsarinsa kamar tsafi, alhali babu faifai ɗaya da ke buƙatar duka 35 ɗin. A 2006 hukumar ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta fitar da jagorarta mai lamba 800-88, ta ce faya-fayan zamani sun matse rubutunsu ƙwarai, har rubutu ɗaya a kan dukan faifan ya wadatar. Manhajoji na kyauta irin su DBAN suka bazu, masu gyara suka saba: a kunna da dare, a tashi da safe a tarar faifai fes.

Daidai lokacin da wannan ilmi ya zauna a zukatan mutane, sai ƙasa ta goce a ƙarƙashinsa.

Tun farkon shekarun 1980 wani injiniyan kamfanin Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, yake aiki kan ma'ajiyar da ba ta da faranti kuma ba ta da hannu, sai ɗimbin ƙananan ɗakuna a cikin siliki da ke riƙe cajin lantarki ko da an ɗauke wuta. Ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan nau'in NAND a 1987, wanda shi ne yau ke cikin filash da memori da waya da SSD, wato sabuwar ma'ajiyar kwamfuta. A 1991 kamfanin da daga baya aka sani da SanDisk ya sayar da SSD mai megabait 20 a kan dala kusan 1,000. Sai wajen 2008 farashi ya sauko har ta fara shiga kwamfutocin cinya na gama-gari, kuma saurinta ya sa wanda ya ɗanɗana ba ya son komawa.

Sai dai wannan ma'ajiya tana da ɗabi'u biyu da suka rusa tsohuwar dabara. Na farko, ba a rubutu a kan rubutu. Ana rubutawa shafi-shafi, amma ba a gogewa sai dunƙule guda mai shafuka masu yawa. Na biyu, kowace gogewa tana cin ɗakunan, kuma bayan wasu dubbai, a wasu nau'o'in ma ɗaruruwa, sukan gaji. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane lamarin. Ba a ɗora sabon karatu a kan tsoho, sai an wanke fuskar allon gaba ɗaya. To a ce malami yana da tarin alluna kuma yana tsoron yawan wanki ya cinye su. Almajiri ya zo a sauya masa layi ɗaya, sai malam ya jawo wani allo mai tsabta ya rubuta masa, ya jingine tsohon a lungu da rubutunsa sai ranar da ya ga dama. Almajiri na ganin allo ɗaya ne a hannunsa kullum, malam kaɗai ya san gaskiyar lissafin.

Aikin malamin nan shi wata 'yar ƙwaƙwalwa ke yi a cikin kowace SSD. Ita ke riƙe da taswirar inda komai yake, tana rarraba rubutu don kada wani sashe ya riga wani mutuwa. Ƙari a kan haka, masu ƙira kan ware wani yanki na ɓoye, kusan kashi 7 cikin 100 a na gida, har kashi 28 a wasu na manyan ma'aikatu, wanda kwamfuta ba ta ma san da shi ba. Saboda haka idan manhaja ta rubuta sifili a kan fayil sau 35, tana iya yin rubutunta duka a wasu wurare dabam, ta rage wa na'urar kwana, asalin fayil ɗin kuma na kwance a inda yake.

An ɗauki lokaci ana zargin haka kafin a gani da ido. A 2011 Michael Wei da Laura Grupp da Frederick Spada da Steven Swanson na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego suka yi gwajin da ya raba gardama. Sukan cika SSD da wata alama da za su iya ganewa, su bi hanyar gogewar da ake son gwadawa, sannan su farke na'urar, su ciro ƙwayoyin ajiyar ɗaya bayan ɗaya, su karanta su da na'urar da suka haɗa da kansu, ba tare da sun bi ta kan 'yar ƙwaƙwalwar ba. Da suka gwada goge fayil ɗaya ta hanyar rubutu a kansa, tsakanin kashi 4 da kashi 75 na abin da ke ciki ya tsira. Rubutu a kan dukan na'urar sau biyu yakan yi aiki, amma ba kullum ba. Babban maganaɗisun da ke kashe tsohon faifai nan take bai yi wa SSD komai ba. Mafi muni shi ne umarnin Secure Erase, wanda aka gina cikin na'urori don su share kansu: cikin 12 da suka gwada, takwas suka ce suna da shi, huɗu kawai aka tabbatar sun cika alkawari, ɗaya kuwa ta ba da rahoton ta gama alhali komai na nan. A 2015 kamfanin Apple ya cire maɓallin goge fayil har abada daga tsarin kwamfutocinsa, domin ba zai iya lamunce abin da maɓallin ke alkawartawa ba.

Mafita ta zo ta wata ƙofa dabam. Maimakon a bi kowane lungu ana nema, sai a sa duk abin da ya shiga ma'ajiyar ya shiga a hargitse, ta yadda ba ya karantuwa sai da wani ɗan mabuɗi na lissafi. Ranar rabuwa, mabuɗin kaɗai ake hallakawa, cikin daƙiƙa, sauran ya zama shara ko a wane lungu yake. Wayar iPhone 3GS ta 2009 tana cikin na farko da suka kai wannan dabara hannun jama'a, aikin da a da kan ɗauki sa'o'i ya koma na ƙiftawar ido. A 2014 NIST ta sabunta jagorarta ta amince da hallaka mabuɗi a matsayin hanya, da sharuɗɗa. A 2017 ƙa'idar NVMe, wadda sababbin SSD ke bi, ta ƙara umarnin Sanitize da ke tilasta share har yankin ɓoye.

Nan ma an sha darasi. A 2018 Carlo Meijer da Bernard van Gastel na Jami'ar Radboud a Holan suka nuna cewa kullen da ke cikin wasu SSD na Crucial da Samsung ana iya tsallake shi ba tare da lambar sirri ba, kuma BitLocker, manhajar kulle ta Windows, yana miƙa musu amana ido rufe. Shekara ta zagayo, Microsoft ya koma yin kullen da kansa a sababbin na'urori.

Wannan tarihi ya taɓa mu kai tsaye, domin Afirka ta Yamma na cikin inda tsofaffin kwamfutocin duniya ke ƙarewa. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi faifai a kan dala 40 a Tema ta ƙasar Ghana, suka tarar da takardun kwangilar tsaro na kamfanin Northrop Grumman na Amurka. Manya ma ba su tsira ba: a 2022 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Amurka ta ci bankin Morgan Stanley tarar dala miliyan 35, bayan faya-fayansa da ba a share ba sun faɗa kasuwar gwanjo. Kayan da ke sauka Legas su wuce Kano da Kaduna da Maraɗi ba sa tsayawa a hannu ɗaya. Wa ya ba ƙane, ƙane ya sayar wa aboki, aboki ya kai wa mai gyara.

Abin da shekarun nan suka koyar a taƙaice yake. Mai niyyar kyautar da kwamfuta ya fara kwashe abin da yake so, ya fita daga asusunsa. Idan BitLocker, ko takwaransa FileVault na Apple, na kunne tun farko, mayar da na'urar sabuwa tare da zaɓin share komai ya kusa gama aikin. Idan ba a kunne yake ba, a kunna shi ya kulle dukan ma'ajiyar, sannan a yi amfani da Sanitize ko Secure Erase, ta manhajar kamfanin da ya ƙera SSD ɗin ko ta saitin farko na kwamfutar, daga baya a gwada da manhajar dawo da fayil a ga ko wani abu zai fito. SSD da ta mutu kuwa ba a bayar da ita, kuma huda ta sau ɗaya bai isa ba, sai an farfasa kowace ƙwaya.

Amma kullen da aka yi a ranar ƙarshe ba zai kai na ranar farko ba, domin abin da ya riga ya shiga lungu a buɗe yana iya zama a buɗe. Shi ya sa a zamanin SSD shirin gogewa ke farawa tun ranar da aka kunna na'ura. Kuma ya kamata a ɗauke shi da muhimmanci, saboda yawancin abin da ke cikin kwamfutar mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai hotunan iyalinsa, da sakamakon ɗalibansa, da takardun abokan cinikinsa, da saƙon wanda ya faɗa masa damuwarsa don ya yarda da shi. Babu ɗaya daga cikinsu da ake tambaya kafin a miƙa kwamfutar ga wani. Kulle ta tun da wuri, da share ta yadda ya dace, shi ne haƙƙinsu a kan mai ita.