Daga Filin Kokowa zuwa Lafiyar Jama'a

  Yau darasinmu tarihi ne: yadda hukuma ta sa hannu cikin sha'anin motsa jiki, da abin da ya rage a yi.

A zamanin kakanninmu babu wanda ke cewa mutum ya motsa jiki. Aiki ne ke motsa shi. Namiji na noma da hauya, ya yi gayya, ya je kasuwa da ƙafa. Mace na daka gero, ta jawo ruwa a rijiya mai zurfi, ta ɗauko itace daga daji. In kaka ta yi, an sa gero a rumbu, sai a buga ganga. Samari su fita dandali su yi kokowa da langa, ƴan mata su yi gaɗa. Wannan gari ya gayyaci wancan, kowa ya zo da ƙarfinsa.

A lokacin, yunwa ce abin tsoro. Dattawanmu sun ga farin 1973 da na 1984. Mu ma mun ga wahalar 2005, lokacin da tamowa ta kama yara da yawa a jihar Maraɗi. Shi ya sa in mutum ya yi ƙiba sai a ce ya samu hutu. In amarya ta yi jiki, sai a yaba wa mijinta.

A shekarar 1974 Saini Kunce ya karɓi mulki. Gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, aka haɗa matasa cikin aikin gayya da wasanni. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Wanda ya fara ɗaukar takobi ɗan jihar Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu. Filin kokowa na Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Daga baya tsarin ya zama jihohi 8, kowace jiha ta kawo ƴan kokowa 10, jimla 80. A 2005, da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, an yi kokowa a gaban baƙi. A 2023, a Agadas, Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi karo na 6.

Wannan siyasa ta yi amfani. Ta haɗa kan ƴan ƙasa, ta ɗaga darajar wasan ƙauye. Amma mu faɗi gaskiya: mutum 80 ke kokowa, sauranmu muna zaune muna saurare a radiyo. Ƙarfin Kantu ba ya sauke hawan jinin ɗan kallo.

Ana nan sai zamani ya sake. Injin niƙa ya shigo, famfo ya shigo, kabu-kabu ta cika gari. Wannan alheri ne, musamman ga mata, don ya rage musu wahala. Babu mai son a koma baya. Sai dai a cikin gari, ɗan kasuwa na wuni zaune a shago. Ma'aikaci na hawa moto ko da zuwa bayan gida biyu ne. Ga shayi mai sukari da yawa, ga lemun kwalba, ga abinci mai maiƙo. Wasu mata har ƙwayar sha-ka-fashe suke sha don su yi jiki, alhali kumburi take sawa, tana kuma jawo ciwo.

Wata rana a ajinmu wani dattijo ya ce mini: "Malam, mu da ke neman abin sawa a baki, ina ruwanmu da zancen ƙiba?" Na ce: "Baba, tambayarka tana kan hanya." Yau ciwo biyu muke fama da su. A gida ɗaya za ka ga yaro mai tamowa, ka ga babba mai ciwon sukari. Ƙiba in ta yi yawa tana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon gwiwa. Ciwon sukari kuwa ba a gama maganinsa a mako ɗaya. Yana cin kuɗin gero, yana cin kuɗin akuya.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022, cikin mutum 8 na duniya, 1 na fama da ƙiba mai yawa. A 2018 ta fito da shiri don a rage zaman rashin motsi kafin 2030. Shawararta ita ce: babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Yaro kuma minti 60 kullum.

Wasu gwamnatoci sun bi ta hanyar haraji. Meziko ta sa haraji kan lemun sukari a 2014. Maƙwabciyarmu Nijeriya ta fara karɓar naira 10 kan kowace lita a 2022. A Kigali, babban birnin Ruwanda, tun 2016 ana rufe wasu tituna a wasu ranakun Lahadi. Motoci su kauce, jama'a su fito su yi tafiya da gudu, a kuma auna musu jini.

To mu fa? Darasin 1975 a fili yake: in hukuma ta ɗauki abin da jama'a suka gada, jama'a za su bi. Magajin gari na iya hana a sayar da dandalin unguwa a gina shaguna. Makaranta na iya ba langa da gudu lokacinsu, maza da mata. A likita a riƙa auna hawan jini ga duk babban da ya zo. Kai kuma mai saurare, in masallaci ko kasuwa ba nisa, bar moto ka taka. Rage sukari a shayi. Wanda ya wuni yana noma kuwa, ya riga ya biya nasa. Abinci mai kyau da hutu yake bukata. Rigakafi ya fi magani.

Ga tambayoyi, ku tattauna da malaminku:

1. A wace shekara aka fara gasar takobi, kuma wa ya ɗauka?
2. Minti nawa ya kamata babba ya motsa jiki a mako?
3. A garinku, har yanzu akwai dandali? In babu, me ya cinye shi?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.