Ɗaukar ɗan jagora a Santambul: inda yake da amfani da inda ba dole ba ne

Ɗan jagora, wanda wasu ke ce wa gid, shi ne mutumin da ake biya don ya zaga da baƙo wuraren tarihi yana yi masa bayani. Yawancin masu tashi daga Yamai zuwa Santambul fatauci ke kai su, sai su ware kwana ɗaya ko biyu don ganin gari. A nan ne tambayar ke tasowa: a ɗauki jagora, ko a zaga da kai?

Abin da doka ta ce

A Turkiyya jagoranci sana'a ce mai doka, wato doka mai lamba 6326 ta shekarar 2012. Ba a yarda kowa ya yi ta ba sai mai lasisi, kuma yakan rataya katinsa a wuya, da hotonsa da harsunan da aka ba shi izinin aiki da su. Akwai masu Faransanci, akwai masu Larabci. Ma'aikatar al'adu da yawon buɗe ido ce ke tsaida mafi ƙarancin kuɗin aikinsu. Don haka wanda ya tare ka a hanya ya ce zai zaga da kai kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, akwai inda yake sa ran samun nasa. Galibi zagayen kan ƙare a shagon darduma ko na fata, inda yake da la'ada a kan duk abin da ka saya, kuma daga aljihunka take fita.

Inda jagora ke da amfani

Fadar Topkapi ce kan gaba. Nan sarakunan daular Usmaniyya suka zauna kusan shekara 400, kuma fili ne bayan fili, ɗaki bayan ɗaki. A cikinta akwai sashen da ake ajiye kayan da ake dangantawa da Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, waɗanda aka fara kawowa bayan Sarki Salim na ɗaya ya ci Masar a 1517. Mai ƙurarren lokaci zai iya ɓata rabin yini bai kai ga abin da ya je gani ba.

Haka ma Aya Sofiya. An kammala ta a 537 a matsayin coci, ta koma masallaci a 1453, aka maida ta gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan ta sake zama masallaci a 2020. Ganin zanen Kiristoci da rubutun Larabci a gini guda yana bukatar mai bayani. A Janairun 2024 aka sa wa baƙi masu zuwa kallo yuro 25, kimanin jika 16 da ɗari huɗu na sefa.

Jagora yana kuma da amfani ga mai tafe da tsofaffi ko yara, da wanda ba ya jin Turkanci ko Ingilishi. Idan ayari ne na mutum biyar ko shida, kuɗin kan yi sauƙi, domin akasari na yini ake biya, a raba.

Inda ba dole ba ne

Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, da na Sulaimaniyya wanda magini Sinan ya gama a 1557, da masallacin Eyup inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, duk kyauta ake shiga. Jirgin cikin gari mai lamba T1 yana bi ta Aksaray da Laleli da Beyazit da Sultanahmet har Eminonu, kuma da kati ɗaya, Istanbulkart, ake hawansa da bas da jirgin ruwa. Wanda ya sauka a otel a Laleli bai fi ƴan tashoshi ba tsakaninsa da waɗancan wurare na tsakiyar tsohon gari.

A babbar kasuwa mai rufi, Kapalicarshi, mai shaguna wajen 4,000, shiga kai kaɗai ya fi, saboda maganar la'ada. Mai sarin kaya kuwa tafinta ko dillali amintacce yake bukata. Wannan aiki ne daban da na jagoran tarihi.

Kafin a ƙulla ciniki

A nemi ganin kati, a duba harshen da ke kai. A yanke kuɗi tun farko, a san awa nawa ne, da ko kuɗin shiga wurare da na mota suna ciki. A faɗa masa a fili in ba a son a tsaya a shago, a kuma sanar da shi lokutan salla. A lura da ranaku: Topkapi a rufe take ran Talata, Kapalicarshi ran Lahadi, masallatai kuma ba sa karɓar masu kallo lokacin sallar Juma'a.

Ga mai kwana biyu, tsari mafi sauƙi shi ne jagora na rabin yini don Topkapi da Aya Sofiya, sauran kuma ya zaga da kansa.