Zaman lafiya

zaman lafiya (suna, namiji): yanayin da jama'a ke rayuwa ba faɗa ba fargaba, kowa na samun haƙƙinsa. Kishiyarsa: fitina, tashin hankali. Karin magana: zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sharaɗin haƙƙi shi ne ginshiƙin ma'anar, domin rashin faɗa kaɗai bai isa ba. Unguwar Parkchester da ke Bronx a birnin New York shaida ce. Kamfanin inshora na Metropolitan Life ya gina ta, aka fara tarewa a 1940: gidajen haya sama da 12,000, da filayen wasan yara, da inuwar itatuwa. Ba a jin hayaniya, amma kusan shekara talatin ana hana baƙar fata haya, sai a 1968 aka buɗe musu ƙofa. Kwanciyar hankalin na ciki ta ginu ne a kan tauye haƙƙin na waje.

Wani zai ce neman haƙƙi kan tayar da ƙura, gara a yi haƙuri kada a rasa 'yar natsuwar da ake da ita. Tsoron fitina yana da hujja, amma haƙurin da aka ɗora wa wanda aka zalunta shi kaɗai danniya ce, kuma ciwon da aka rufe ba magani ruɓewa yake yi. Buɗe ƙofar bai rushe Parkchester ba: yau 'yan Afirka ta Yamma, 'yan Bangladesh da baƙar fatar Amurka suna maƙwabtaka a cikinta. Saboda haka adalci ne tushen zaman lafiya, kuma da shi ake auna shi.