Baƙi da Ma'ana: Muhawara kan Koya wa Yara Karatu

Tun tsakiyar ƙarni na 20 masana ilimi a Amurka da Ingila suke ja-in-ja kan yadda za a fara koya wa yaro karatu. Masu tsohuwar hanya sun ce a koya masa sautin kowane harafi, sannan ya riƙa haɗawa gaɓa-gaɓa. Masu ra'ayin zamani kuwa suna ganin karatu tamkar magana ne: a wadata yaro da littattafai masu daɗi, zai tsince shi da kansa. Matsayin wannan maƙala shi ne, na farkon sun fi hujja a matakin farko, amma na biyun sun hango abin da bai kamata a yi watsi da shi ba.

A 1967 Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard ta tattara binciken shekaru da dama, ta nuna cewa yaran da aka fara da sautin haruffa sun fi saurin iya karatu. A shekarar ce kuma Kenneth Goodman ya siffanta karatu da wasan canki-canka, inda mai karatu yake hasashen kalma daga abin da ya kewaye ta. Jihar Kalifoniya ta rungumi wannan ra'ayi a 1987, sai ga ta a sahun baya a jarrabawar ƙasa ta 1994, kodayake cunkoson azuzuwa da talauci ma sun taimaka. Rahoton kwamitin karatu na Amurka na 2000 da na Jim Rose a Ingila na 2006 duk sun goyi bayan koyar da sauti bi da bi.

Illar canki tana bayyana ne idan aka zauna kusa da yaro. An rubuta "goɗiya" a ƙarƙashin hoto, ya ɗaga ido ya ce "doki". Ma'ana ta yi kusa, amma bai karanta ko harafi ɗaya ba. Ranar da aka ba shi shafin da ba hoto, sai ya yi tsuru-tsuru. Wanda ya san sauti kuwa yana iya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, ya kuma raba "kafa" da "ƙafa".

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo almajiri yana farawa da babbaƙu, ya wuce farfaru, sannan ya iya haɗa baƙi. Tsarin ya yaye dubban masu karatu tiryan-tiryan. Sai dai yaro kan karanta Larabci sumul ba tare da sanin fassara ba, har sai ya shiga makarantar ilimi. A nan gaskiyar masu ra'ayin zamani take. Masana Gough da Tunmer sun bayyana a 1986 cewa fahimtar rubutu tana bukatar abu biyu tare: iya furta baƙi da sanin harshen. In ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya wadatarwa.

Rubutun Hausa na boko ya fi na Ingilishi sauƙi, domin galibi kowane harafi sautinsa ɗaya. Don haka babu dalilin barin yaro yana bin malami baki da baki yana haddace shafi. A ware masa lokaci kullum na haɗa baƙi cikin harshen uwarsa, a kuma karanta masa tatsuniya, a tambaye shi me ya sa Gizo ya yi abin da ya yi. Na farko zai sa ya iya karatu, na biyu zai sa ya so shi.