Uban Da Ba Ya Cikin Takarda

Duk ranar da muka buɗe layi a gidan rediyonmu kan zaman iyali, sai wani ya kira ya ce ai Amurkawa ba su san gida ba, wani kuma ya ce su suka iya riƙon gida. Dukansu hoto aka nuna musu, kuma hoton yana da tarihi.

A 1943 mujallar Saturday Evening Post ta buga zanen Norman Rockwell: tsohuwa tana ajiye gasasshen talotalo a kan tebur, mijinta na tsaye a bayanta, 'ya'ya da jikoki sai fara'a, dukansu fararen fata. Gwamnati ta baza shi a fastoci don tara kuɗin yaƙi. A 1965 kuma Daniel Patrick Moynihan na ma'aikatar ƙwadago ya fitar da rahoto cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen baƙaƙen fata mace ce ke riƙe da su. Ya ambaci bauta da rashin aikin yi, amma abin da ya zauna a bakin 'yan siyasa shi ne uba baƙar fata ba ya gida.

Ni kuwa wata gajeruwar waƙa ta 1962 ce ta fi tsaya mini a rai, "Those Winter Sundays" ta Robert Hayden. An haife shi a Detroit a 1913, iyayensa suka rabu, maƙwabta suka ɗauke shi riƙo. A waƙar yana tuna mutumin da ya riƙe shi, lebura mai faso a hannu, wanda ko ranar hutu yakan tashi cikin duhun sanyi ya hura wuta, har ya goge wa yaron takalma. Bai ɓoye cewa gidan na rigima ba ne, bai kuma wanke kansa ba, don ya faɗi yadda yake amsa wa tsohon a daƙile. Duk wanda ya tashi a hannun kawu ko gwaggo ya san irin wannan nadamar, wadda ba ta zuwa sai mai ita ya girma.

Hayden yana da wajen shekara 40 ya gano cewa ba a taɓa rubuta riƙon nasa a hukumance ba. A takarda sunansa Asa Bundy Sheffey, mai hura wutar nan kuwa maƙwabci ne kawai.